Tsarin aiki mai sarrafa kansa

Tsarin aiki mai sarrafa kansa jerin matakai ne da ake shirya wa kwamfuta domin ta ɗauki bayani daga wata manhaja ta kai shi wata, ba tare da mutum ya sake buga shi da hannu ba. Kamfanoni na amfani da shi wajen haɗa manhajojin da ba wuri ɗaya aka ƙirƙire su ba, kamar manhajar lissafin kuɗi, ta ajiye bayanan abokan ciniki, ta imel da ta karɓar kuɗi.

Yadda yake aiki

Kowane tsari yana da mafari, wato abin da zai faru ya tayar da shi, sannan matakan da za su biyo baya. Misali, shagon da ke sayar da kaya a intanet zai iya sa biyan kuɗi ta Paystack ya zama mafari. Da zarar kuɗin ya shiga, tsarin zai rubuta cinikin a Google Sheets, ya aika wa mai saye rasit ta Gmail, ya kuma sanar da mai kula da sito ta Slack cewa a ɗaure kaya. Ana iya gindaya sharaɗi a tsakani: idan kuɗin ya wuce wani adadi, a jira amincewar manaja.

Manhajoji suna magana da juna ta ƙofar da ake kira API. Mai manhaja ne ke buɗe ta, shi ke faɗin irin buƙatar da za a aiko da irin amsar da za a samu, galibi a tsarin rubutu na JSON. Maimakon a ba tsarin kalmar sirri, ana ba shi makulli na musamman mai iyakantaccen izini. Ƙa'idar da aka fi bi wajen hakan ita ce OAuth 2.0, wadda aka wallafa a shekarar 2012.

Hanya biyu ce tsari ke sanin an sami sabon abu. Ko dai ya riƙa leƙa manhajar lokaci-lokaci, kamar duk bayan minti 15, ko kuma manhajar da kanta ta aiko masa saƙo nan take. Ta biyun ita ce "ƙugiyar yanar gizo", sunan da Jeff Lindsay ya raɗa mata da Turanci a 2007. Ta fi sauri, amma ba kowace manhaja ke bayar da ita ba.

Mafi wahalar aikin shi ne daidaita bayanai, domin kowace manhaja da yadda take rubuta abu. Paystack na aika adadin kuɗi da kobo, don haka naira 5,000 za ta iso a matsayin 500000, kuma idan ba a sa matakin raba ta da 100 ba, littafin lissafi zai nuna cinikin da ba a yi ba. Haka nan 03/04 na nufin 4 ga Maris a Amurka, amma 3 ga Afrilu a Ingila da Najeriya.

Tarihi

Tun kafin intanet ta yaɗu, manyan kamfanoni na musayar takardun oda da na neman biya tsakanin kwamfutocinsu ta tsarin EDI. An kafa kwamitin ƙa'idar X12 a Amurka a 1979, ƙa'idar EDIFACT ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta samu amincewa a 1987. Sai dai aiki ne mai tsada da ke buƙatar ƙwararru. A shekarar 2000 kamfanin Salesforce ya buɗe API ɗinsa a intanet, a shekarar ce kuma Roy Fielding ya bayyana tsarin REST a kundin digirinsa na uku, wanda yawancin ƙofofin yau ke bi.

Ko da ƙofofi suka yawaita, haɗa manhajoji ɗaya bayan ɗaya bai zama da sauƙi ba. Manhaja 10 na buƙatar haɗi 45 idan kowace za ta yi magana da kowace, amma haɗi 10 kacal idan duka za su bi ta cibiya ɗaya. Wannan ne ya haifar da kamfanonin da ke zama dillalai a tsakani. IFTTT ya fito fili a 2011. A shekarar ne Wade Foster, Bryan Helmig da Mike Knoop suka fara Zapier a garin Columbia na jihar Missouri, wanda aka ƙiyasta darajarsa kan dala biliyan 5 a 2021. Microsoft ya fito da Flow a 2016, ya sauya masa suna zuwa Power Automate a 2019. Integromat na ƙasar Cek ya koma Make a 2022 bayan Celonis ya saye shi, Jan Oberhauser kuma ya fara n8n a Balin a 2019, wanda kamfani zai iya girkawa a kan sabar kansa. Da waɗannan, ma'aikacin da bai iya rubuta manhaja ba zai iya shirya tsari da kansa. A ɓangaren manyan kamfanoni, Salesforce ya sayi MuleSoft a 2018 kan kusan dala biliyan 6.5.

Matsaloli

Tsarin ba ya gajiya, amma kuma ba ya shakka. Kuskuren da akawu zai lura da shi a takarda ta biyu, tsari zai maimaita shi sau dubu. Idan manhajar da ta aiko saƙo ba ta samu amsa ba, takan sake aikowa, abin da kan sa a rubuta ciniki ɗaya sau biyu in ba a duba lambar cinikin ba. Wani lokaci kuma tsarin kan tsaya shiru saboda makulli ya daina aiki, ba a ganewa sai abokin ciniki ya yi ƙorafi.

Babban rauninsa shi ne ƙofar ba ta mai tsarin ba ce. Lokacin da Twitter ya rufe amfani da API ɗinsa kyauta a 2023, Zapier ya cire haɗinsa da dandalin, tsare-tsaren da suka dogara da shi suka tsaya.

Makullan su ma abin sata ne. A watan Agustan 2025 masu kutse suka sace makullan OAuth na manhajar Drift ta kamfanin Salesloft, suka yi amfani da su wajen kwasar bayanan ɗaruruwan kamfanoni daga asusunsu na Salesforce. Shi ya sa masana tsaro ke ba da shawarar a ba kowane haɗi izinin da yake buƙata kawai, a kuma soke makullin tsarin da aka daina amfani da shi. Tunda bayanan mutane kan ratsa ta sabar dillalin, sau da yawa a wata ƙasa, dokokin kare bayanai sun shafi lamarin, kamar GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023.