Hutu a Zangon Lome: A Kashe Data, a Ga Dangi

Daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da makarantu ke dogon hutu a Nijar da Najeriya da Togo, gidaje da yawa a Zangon Lome kan cika da baƙi. Wani ya taso da iyalinsa daga Maraɗi ko Damagaram, wani daga Kano ko Sakkwato, wani kuma daga nan kusa, Kumasi ko Akara. Wanda ya biyo ta Legas sai ya tsallake iyakar Seme, ya ratsa Kwatano, ya sake tsayawa a Hilakonji kafin ya taka ƙasar Togo. Ga kuɗin mota, ga na takardu, ga tsaraba, ga rigimar yara a hanya. Duk ana jurewa ne don a ga dangi, yara su san 'yan'uwansu, su kuma ga teku da idonsu.

To amma sau da yawa baƙo bai gama shan ruwan da aka kawo masa ba yake tambayar inda ake sayar da layi da kuɗin da ake sa data. Daga nan sai a ga uba na amsa saƙonnin kasuwa, uwa na cikin zauren WhatsApp na bikin da ta baro a gida, samari da 'yan mata na TikTok, ƙaramin yaro kuwa an miƙa masa waya don ya yi shiru. An sauka a Lome, hankali yana can inda aka fito. Iyalin da suka sha wahalar zuwa sun cancanci su ci moriyar zuwan, kuma hanyar ba ta da wuya: a kashe data mafi yawan yini, a bar waya ta koma aikinta na kira.

Unguwar da aka gina kan saukar baƙi

Zango ba unguwa ce kamar sauran unguwanni ba. Asalinsa masaukin fatake ne. Hausawa sun daɗe suna bin hanyar goro zuwa Gonja, kuma bayan yaƙin basasar da ya watsa kasuwar Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Karaci da Akara da sauran garuruwa. Da Jamusawa suka mayar da Lome hedikwatar mulkinsu a 1897, garin ya ƙara jan masu fataucin goro da dabbobi daga arewa. Tsarin da ya riƙe su shi ne na mai gida: mutumin da ya zaunu, ya san gari, yake sauke baƙo, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Ba takarda ake sa wa hannu ba. Sanayya ce da amana, kuma ba a samun su sai an zauna tare, an ci tare, an yi salla sahu ɗaya.

A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar birni, aka mayar da mutanensa arewa, nisan kimanin kilomita 15, wurin da ake kira Agoe-Zongo a yau, a bakin babbar hanyar da ta nufi Sokode da Kara har Burkina Faso. Wani masanin zamantakewa Bafaranshe, Michel Agier, ya yi bincike a cikinsu a wancan zamani, ya fitar da littafi a 1983 kan yadda ciniki da zumunci suka sarƙu da juna a unguwar. Gidaje sun rushe, amma auratayya da masallaci da alaƙar mai gida da baƙonsa sun bi mutane zuwa sabon wuri. A yau Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Bayarabe da Kotokoli duk suna nan, Hausa kuma na cikin manyan harsunan da ke haɗa su.

Wannan tarihi yana bakin tsofaffin unguwa, waɗanda suka ga tashin 1977 da idonsu. Jikan da ya zo daga Katsina ba zai same shi a waya ba. Sai ya durƙusa ya ce, "Kaka, ina kwana, ina gajiya?" ya zauna a gefen tabarma, a tsokane shi, ya rama, hira ta yi nisa. Zumunci a ƙafa yake, haka ne, amma ƙafar da ta iso tana bukatar kunne da ido su biyo ta.

Abin da waya ke ci ba a sani ba

Kada mutum ya ɗauka rashin tarbiyya ne kaɗai ke sa ya kasa ajiye waya. Manhajoji irin su Facebook da TikTok da YouTube da talla suke samun kuɗi, tallar kuwa tana tsada ne gwargwadon daɗewar mutum a kansu. Shi ya sa aka tsara su yadda bidiyo ba ya ƙarewa sai wani ya ɗora, shafi ba shi da ƙarshe, ƙararrawar saƙo kuma ba ta barin hankali ya kwanta. Mai cewa bari ya leƙa na minti ɗaya yana kokawa ne da abin da ƙwararru suka gina don kada ya tashi.

Masana sun gwada tasirin wannan a kan fita da iyali. Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn sun yi gwaji da iyayen da suka kai 'ya'yansu wani gidan nunin kimiyya a birnin Bankuba na Kanada. Aka ce wa wasu su yi ta amfani da waya, wasu kuma su rage iya iyawarsu. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna waɗanda suka yawaita taɓa waya hankalinsu ya fi rabuwa, kuma ba su ji kusanci da 'ya'yansu kamar ɗaya ɓangaren ba. Ita kuwa Linda Henkel ta Jami'ar Fairfield a Amurka, a binciken da ya fito a 2014, ta zagaya da ɗalibai gidan kayan tarihi, ta gano abubuwan da suka ɗauka a hoto ba su tuna su kamar waɗanda suka tsaya suka kalla kawai ba. Game da ƙanana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini.

Waya daban, data daban

Babban uzurin baƙo shi ne tsoron ɓata, kuma tsoro ne mai dalili. Lome da kewayenta sun haura mutum miliyan 2 a ƙidayar 2022, harshen hukuma Faransanci ne, na titi kuma Mina da Ewe. Sai dai kashe data ba jefar da waya ba ne. Da layin Yas, wato tsohon Togocom, ko na Moov Africa, ana kira ana amsawa ba tare da intanet ba. Tura kuɗi da cire su ta Flooz ko T-Money, wadda yanzu ake kira Mixx, da lambobin dannawa ake yi, ko da ƙaramar waya mai maɓalli. Taswirar gari ana iya sauke ta tun a gida ta yi aiki ba data. Manhajar Gozem ta kiran abin hawa tana bukatar intanet, amma 'yan acaɓa, da ake ce wa zemijan, suna kowace kwana, ga tasi, ga motocin safa na SOTRAL. Mai tafe da yara ma tasi ta fi masa kwanciyar hankali.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne ɗan gida. Babu gidan Zango da za a rasa matashin da ke jin Hausa da Mina da Faransanci, ya san kuɗin mota na gaskiya, ya san lungun da ba a bi da dare. Idan Kawu ya ce, "Kai, raka yayyenka kasuwa," ya ba su abin da manhaja ba ta da shi, kuma a hanyar ne 'ya'yan wa da ƙani ke sabawa. Matambayi ba ya ɓata.

Dogaro da intanet kaɗai ma ganganci ne, domin takan ɗauke ba shiri. A watan Satumba na 2017 an katse ta kwanaki a Togo lokacin zanga-zanga, abin da kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa doka. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da yawa suka shiga matsala. Don haka kowane yaro da ya iya karatu a sa masa takarda a aljihu, ɗauke da sunan mai masauki, lambarsa, sunan unguwa da masallaci ko shagon da ke kusa da gida. A kuma tsayar da wurin haɗuwa kafin a shiga kowace kasuwa.

Garin da ya isa kallo

Tafiya mabuɗin ilimi ce ga wanda ya ɗaga kai. Kusa da Zango akwai Terminal du Sahel, inda tirelolin Burkina da Nijar da Mali ke jiran tashi, a nan yaro zai fahimci ta inda shinkafa da sukarin da ake ci a Sahel ke biyowa. Gaba kaɗan akwai karar dabbobi ta Adetikope. A ɗaya gefen gari ga tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1968, jirage jere a teku suna jiran layi. A Asigame, babbar kasuwa, a nan matan da ake wa laƙabi da Nana Benz suka yi suna da kuɗi a cinikin atamfa a shekarun 1970 da 1980, kuma ko gobarar Janairun 2013 ba ta kashe cinikin wurin ba. Mai neman gwanjo sai Hedzranawoe. Fadar gwamnonin Jamus, wadda aka gama a 1905, an gyara ta an buɗe wa jama'a a 2019 da sunan Palais de Lomé. Iyakar Gana kuwa, Aflawo, a jikin gari take.

A kasuwa yaron da ya saba da naira zai koyi lissafin Hausawan ƙasashen sefa: dala faran 5 ce, jaka 1,000, dala ashirin kuma 100. A bar shi ya taya, ya biya, ya ƙirga canji, ya sayi koliko, soyayyar doyar garin, ko ɗanyar kwakwa.

A bakin teku kuwa maganar ta wuce ta jin daɗi, ta zama ta rai. Tekun Lome yana da igiya mai ƙarfi da ke janye mutum ciki, kuma ranar Lahadi wurin cike yake. Yaron da ya taso a Damagaram ko Zariya bai san halin wannan ruwa ba, gani yake wasa ne. Nutsewa ba ta ɗaukar lokaci, sau da yawa kuma ba ta da ihu. Babba ɗaya aƙalla ya zama ba shi da aikin komai sai kallon yara, wayarsa na cikin jaka.

Yadda za a tsara

Doka ba ta aiki idan daga sama aka jefo ta. Tun kafin a taso a zauna da yara a yi magana, a faɗa musu dalili, a ji nasu. Sannan a ware lokaci ɗaya a yini, misali rabin awa ko awa ɗaya bayan sallar isha'i, kowa ya kunna data ya gaisa da gida ya amsa saƙonni. A tuna agogon Togo yana bayan na Najeriya da Nijar da awa 1, kada a kira tsofaffi sun kwanta. Lokacin cin abinci, gaisuwar manya, zuwa ta'aziyya ko barka, da hirar dare a tsakar gida, waya ba ta da wuri.

Ɗan kasuwar da cinikinsa ke tafiya ta WhatsApp ba za a ce ya rufe shago ba. Ya wakilta wanda ya amince da shi, ya sanar da abokan hulɗa lokacin da za a same shi, ya ba da lambar kira don abin gaggawa. Abin da ya kai gaggawa zai zo ta kira. Wanda ya tsaya a saƙo yana iya jiran dare.

Hoto kuma a ɗauka, amma kaɗan, da waya ɗaya, a bari sai an koma gida a tura. Mai sa hotonsa a bakin teku yau yana shelanta wa duniya cewa gidansa ba kowa. Sannan gidan da aka sauka yana da sirrinsa: ba a ɗaukar matan gida ko 'ya'yan mutane ko cikin ɗakinsu a watsa ba da izini ba. Ƙaramin abu irin wannan ya isa ya ɓata tsakanin gida biyu.

Kwana biyun farko za a sha ƙorafi, musamman daga matasa. Za su ce sun gaji da zama, ba abin yi. Kada a yi saurin kawo musu ɗauki, gajiyar zaman ce ke fitar da su filin ƙwallo da yaran unguwa, ita ke kai yarinya madafa wajen gwaggonta. Masu masauki su ma da nasu: ba daidai ba ne baƙo ya ajiye wayarsa, ɗan gida ya bar shi zaune yana danna tasa.

Nauyin duka yana wuyan iyaye. Yaro ba ya bin abin da aka faɗa masa kamar yadda yake bin abin da ya gani, kuma uban da ya hana waya alhali tasa na hannunsa ya riga ya soke dokar da kansa. Saboda haka maigida shi zai fara kashe tasa a gaban kowa, uwargida ta bi, sannan a juya ga yara.