Girgizar Ƙasa: Shin Benayenmu Na Nima Da Mamobi Za Su Jure?

Da yawa daga cikinmu 'yan kasuwar Aflawo, Faga da Bawku, idan Allah Ya hore mana, burinmu shi ne mu tayar da bene a Nima ko Mamobi: shaguna a ƙasa, 'yan haya a sama. Sai dai Akara gari ne da ke kan layin girgizar ƙasa. Ta ranar 22 ga Yunin 1939 ta kashe mutum 17, kuma ko a 2018 da 2020 da 2022 ƙasa ta motsa, musamman wajen Weija.

Injiniyoyi sun nuna cewa siffar bene ta fi tsawonsa zama abin tsoro. Filayenmu na zango matsattsu ne, karkatattu, don haka gini kan fito da kusurwa kamar harafin L, ko a turo hawan sama ya leƙo kan lungu. Idan ƙasa ta girgiza, irin wannan gini murɗewa yake yi, ɓangare guda na jan ɗaya, sai ya tsage a mahaɗa.

Babban haɗarin ma yana hawan ƙasa. Mukan cire bango domin shago ya yi faɗi, mu bar ginshiƙai tsirara ɗauke da hawa uku ko huɗu. Sannan mu mai da sama sito, mu jibge buhunan shinkafa, ga tankin ruwa a gefe guda. Ginshiƙan nan su ke fara karyewa. Benaye masu irin wannan rauni sun rufta da yawa a Turkiyya a 2023, girgizar da ta ci ran ɗan ƙwallon Gana Christian Atsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maganin sananne ne. A raba gini mai kusurwa gida biyu, a bar rata a tsakani. Kowane ginshiƙi ya miƙe daga tushe har sama. A sa bangon kankare mai rodi a hawan shaguna, ta kowane ɓangare daidai wa daida, a kuma matso da zoben rodi a mahaɗar ginshiƙi da bim. A guji yashin teku, gishirinsa na cin ƙarfe.

Tun 2018 Gana ke da kundin ƙa'idojin gini. Kafin mu ƙara hawa, ko mu biya kuɗin hayar shago na shekaru, mu nemi ganin takardar izinin gini, injiniya ya duba mana. Benen Melcom na Achimota da ya rufta a 2012 ya kashe mutum 14, alhali ƙasa ko motsi ba ta yi ba.