Jirgi da Mota a Titi Ɗaya

 Hausawa kan ce hanyar jirgi daban, ta mota daban. To, a shirinmu na kimiyya na yau za mu kai ku biranen da hanyar tasu ta zama ɗaya, mu duba dokokin da aka kafa domin a zauna lafiya, da dalilin kafa su.

Jirgin da muke nufi shi ne wanda ake kira tiram. Ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ne mai aiki da lantarki, amma dogonsa a shimfiɗe yake cikin kwalta, inda motoci da kekuna da masu tafiya a ƙasa suke kai da kawowa. Birnin Landan ya daina aiki da shi a 1952, kana ya komo da shi a unguwar Croydon a shekarar 2000. Manchesta kuwa ta komo da nata a 1992. Saboda haka 'yan'uwanmu mazauna waɗannan wurare sukan gamu da shi kullum.

Direban mota yana da abu biyu na tsira in haɗari ya taso, watau sitiyari da birki. Direban tiram ba shi da sitiyari ko kaɗan. Inda dogo ya nufa, nan zai bi. Birkinsa kuma bai kai na mota saurin kamawa ba. Dalili kuwa shi ne, tayar roba tana damƙar kwalta sosai, amma ƙafar tiram ƙarfe ce a bisa ƙarfe. Wannan santsi shi ne amfaninsa, gama da ƙarfi kaɗan sai ya ja jama'a masu yawa. Shi ne kuma matsalarsa in an zo tsayawa, balle in an yi ruwa, ko ganyaye sun zuba a kan dogo an niƙe su.

Injiniyoyi sun yi dabara. Sun sa wa tiram akwatin rairayi wanda ke zubawa a gaban ƙafafunsa don su sami abin kamawa, sun kuma sa masa wani birki na maganaɗisu mai manne wa dogo. Duk da haka direba ba ya son taka shi da ƙarfi sai dole, domin fasinjoji da yawa a tsaye suke, za su zube a kan juna. Ku kuma tuna da ƙa'idar da ta shafi kowane abin hawa: in gudu ya ninka biyu, nisan da za a ci bayan an taka birki ya ninka huɗu.

Tun da tiram ba ya iya kaucewa, ba ya kuma tsayawa nan take, lalle nauyin kaucewa ya hau kan mai mota. Daga nan dokokin suka fito. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya hana shiga layin da aka keɓe wa tiram, ya kuma hana ajiye mota inda za ta tare shi. Tsawon wani tiram yakan kai mita 60, don haka wuce shi ba kamar wuce mota ba ne. Alamun hanya masu siffar lu'ulu'u na direban tiram ne kaɗai, ba ruwan mai mota da su. Wayar lantarkinsa galibi mita 5.8 take daga ƙasa, sai mai doguwar babbar mota ya san tsayin kayansa. Mai keke kuma ya ƙetare dogo a gicciye, kada tayarsa ta faɗa cikin kwarminsa.

Yanzu bari mu leƙa birnin Melbon na ƙasar Ostareliya, wanda ya fi kowane birni a duniya tsawon dogon tiram, wajen kilomita 250. Can ta hannun hagu ake tuƙi, kamar yadda ake yi a Ingila, kamar kuma yadda aka yi a Nijeriya kafin 1972, da Gana kafin 1974. Mai son shan kwana dama, bisa al'ada, tsakiyar titi yake zuwa ya jira, nan kuwa dogo yake. Saboda haka a waɗansu mararraba aka juya abin: direba ya koma can gefen hagu, ya shiga mararrabar ya tsaya, sai fitilar titin da zai shiga ta nuna kore, sa'an nan ya sha kwana. Baƙo yakan yi mamaki, amma da haka tiram yake samun hanyarsa a buɗe. Har wa yau, in tiram ya tsaya sauke fasinjoji a tashar da ba ta da dandamali, wajibi ne mota ta tsaya a bayansa har a rufe ƙofofi, mutane su gama ƙetarewa.

Ita motar bas tana da sitiyari da tayar roba, haɗarinta ta wata fuska yake. Girmanta yana ɓoye wanda ya sauka, sai ka ga yaro ya ɓullo ta gabanta a guje. Don haka a Jamus, in bas ta kunna fitilun gargaɗi tana dosar tasha, an hana wuce ta. In ta tsaya da fitilun a kunne, sai a wuce a hankali, daidai da tafiyar mutum a ƙasa, har da motocin da ke fitowa ta gaba in ba a raba titin ba. A Birtaniya kuma ana so ka ba bas hanya in ta ba da sigina za ta tashi daga tasha, muddin yin haka ba zai jawo haɗari ba.

To, jama'a, wanda duk ya sauka wata ƙasa da niyyar tuƙi, ya fara karanta dokokinta tukuna, gama kowane gari da nasa tsari. In kuwa ya ga dogo a cikin kwalta, ya sassauta, ya duba madubi, ya bar wa jirgi hanyarsa. Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.