Ba Windows ce za ta kashe kwamfutarka ba

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, magana ta bazu a zangunan arewacin Ghana cewa duk tsohuwar kwamfuta ta gama aiki. Masu shagon buga takardu a Bawku da Yendi har sun fara lissafin kuɗin sabuwa daga Tamale ko Kumasi. An yi wa labarin mummunar fahimta. Injin zai ci gaba da tashi, abin da ya tsaya kawai shi ne gyaran kariya da kamfanin ke aikowa ta intanet. Abin da ke kashe kwamfuta a wajenmu faifan ajiya ne, kuma a kansa babu mai cewa uffan.

Bayanin ba shi da tsawo. Faifan dā yana da faranti mai juyawa, galibi sau 7200 a minti, da allura mai karanta shi. Sabon faifai mai suna SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Mahaɗi ma iri uku ne. Tsohon IDE mai faffaɗar igiya a manta da shi. SATA ya fito a 2003, kuma zubinsa na 2009 yana ɗaukar kimanin megabayit 550 a daƙiƙa. Sai NVMe, wanda ake sakawa a ramin M.2 a jikin uwar allo, gudunsa ya ninka na SATA sau da yawa. Akasarin Dell da HP na hannu da ke shigowa ta tashar jirgin ruwa ta Tema da SATA suke zuwa, don haka a buɗe akwatin a duba kafin a biya kuɗi. A kula kuma, ba duk abin da ya shiga ramin M.2 ne NVMe ba. Mai buga takardu da hoton biki, SSD na SATA ya ishe shi.

Shawarata ita ce a sayi komai na hannu in ana so, amma faifan ya zama sabo fil. Wanda ya taɓa buɗe kwamfuta a Gambaga bayan hunturu ya ga jar ƙura ta dunƙule a kan fanka, ya kuma ji ƙas-ƙas ɗin nan da faifai ke yi in ajalinsa ya kusa. Ga zafin Maris, ga ɗauke wuta ba sallama kwamfuta tana tsakiyar rubutu. Faifan da ya riga ya yi shekaru yana aiki a ofisoshin Turai ba zai jure wannan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da muke ɗora wa waɗannan faifai. Salaga ba kasuwar goro kaɗai ba ce, gari ne na alƙalami. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a can, kuma bayan da yaƙin basasar 1892 ya watsa garin sai ya koma Karaci ta Ghana, inda ya rasu a 1934. Ya bar waƙoƙi da tarihi da Larabci da ajami, har da waƙa kan annobar mura ta 1918. Gambaga, wadda Turawan Ingila suka mayar hedikwatar Arewa kafin su koma Tamale a 1907, gida ce ta limamai tun zamanin fatake, haka ma Yendi. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai ta kwafi ɗaruruwan irin waɗannan rubuce-rubuce. Sauran suna nan cikin gafaka da akwatunan ƙarfe, gara da yoyon damina na cinsu. Yanzu jikoki sun tashi da kyakkyawar niyya, suna ɗaukar hotonsu shafi-shafi da waya, su zuba a kwamfuta ɗaya mai faifan gwanjo, sannan hankali ya kwanta a daina kula da takardar. Wannan ai ajiyar hatsi ce a rumbun da gindinsa ya ruɓe. Takardar da aka rubuta da tawadar gargajiya ta haura shekara ɗari tana karantuwa. Faifai kuwa rana ɗaya yake shiru, SSD ma sau da yawa ba ya ko yin gargaɗi.

To ina majalisun gundumomin Mamprusi ta Gabas da Gonja ta Gabas? Ina sarakunan zango da kwamitocin masallatan Juma'a, masu iya tara kuɗin fenti da lasifika cikin mako guda? Kuɗin faifai biyu sababbi da na'urar riƙe wuta bai kai na tantin biki ba. Kowane gidan malamai ya yi kwafi uku: ɗaya a kwamfutar gida, ɗaya a faifan waje da ake cirewa a adana a wani gari, ɗaya kuma a miƙa wa ɗakin karatu na jami'a a Tamale ko Legon, da sunan gidan da sunan marubucin a jikin kowane fayil. Takardar asali kuma a mayar da ita gafakarta, a ɗaga ta daga ƙasa.