Yaron Shagon Masu Rubuta Manhaja

A wajen 'yan hatsi na Babbar Kasuwar Katsina, Alhaji ba ya tsayawa lissafa wa yaronsa kaya ɗaya bayan ɗaya. Da ya hango tsohon mai ciniki sai ya ce, "Kai, auna masa na kullum." Yaro ya san abin da ke ciki: tiya biyu ta gero, ɗaya ta shinkafa, rabi ta wake. In aka ce "na kullum, gida uku," sai ya ninka. Magana ba ta kai numfashi ɗaya ba, buhu ya cika.

Masu rubuta manhaja da harshen C su ma suna da irin wannan yaro, sunansa m4. Brian Kernighan da Dennis Ritchie ne suka samar da shi a Bell Labs ta Amurka a 1977, kuma Ritchie ɗin nan shi ne uban C ɗin kansa. C harshe ne mai son a faɗi komai dalla-dalla. Kana son jerin sunaye, da na farashi, da na kwanaki? Sai ka rubuta kusan abu ɗaya sau uku, kuma a na ukun kuskure ke laɓewa. Da m4 kuwa sau ɗaya za ka rubuta, ka raɗa masa suna da umarnin define, ka bar gurabe, $1 da $2, inda "gida uku" zai shiga.

Ɗaukarsa aiki ba wuya. A Ubuntu ko Debian ka buga sudo apt install m4, ko sisi ba ka biya, sai ɗan data. Sannan, in sunan fayil ɗinka kaya.m4 ne, ka buga m4 kaya.m4 > kaya.c, ka miƙa kaya.c ga gcc, mai mayar da rubutun C manhaja. Shi gcc mai kura ne, ba ruwansa da "na kullum," cikakken buhu yake ɗauka.

Amma fa yaron nan akwai biyayya, babu lura. Bai san C ba ko kaɗan, kalma kawai yake saurare. Alhaji na waya da surukinsa, an tambaye shi ciwon ƙafa, ya ce "na kullum ne," yaro ya zabura ya hau awo! Haka m4 yake: duk inda ya ga sunan da ka raɗa sai ya musanya shi, ko da a cikin saƙon da kake son nuna wa mutane ne. Maganinsa ka killace kalmar tsakanin ` da ', ya wuce ta. Kuma yakan koma ya sake karanta abin da ya zuba, don haka in ka yi gangancin saka sunan a cikin ma'anarsa, zai yi ta awo har a tashi kasuwa.

In mai kura ya dawo da ƙorafi, layin kaya.c zai nuna maka. Kada ka tsoma hannu a buhun, gobe yaro zai sake cika shi yadda aka koya masa. Koma kaya.m4 ka gyara can, kuma ka riƙa ƙara -s wajen kiran m4, don gcc ya nuna maka layin asali.