Wurno da sauran ribaɗai: garuruwan tsaron Daular Usmaniyya da damina ke cinyewa

A kan wani tsauni da ke yammacin birnin Homs na ƙasar Siriya akwai ƙaton sansanin dutse da Larabawa ke kira Ƙal'atul Hisn, Turawa kuma Krak des Chevaliers. A shekarar 1142 aka damƙa shi ga wata ƙungiyar mayaƙan Kirista 'yan Salibiyya waɗanda suka haɗa zaman ibada da ɗaukar takobi. Sun riƙe shi har 1271, lokacin da Sarkin Misra Baibars ya ƙwace shi. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2006, kuma yaƙin basasar Siriya, duk da ɓarnar da ya yi masa, bai kai shi ƙasa ba. A ɓangaren Musulmi akwai ribaɗin Monastir a gaɓar tekun Tunisiya, wanda aka fara ginawa a 796, har yau masu yawon buɗe ido na hawa hasumiyarsa.

Ƙasar Hausa ma ta yi irin wannan tsari, sai dai nata ya zo a baya-bayan nan, kuma da jar ƙasa aka gina shi.

Bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gaji daular da iyakokinta ba su zauna ba. Gobirawa da Katsinawan da suka koma Tsibiri da Maraɗi suna kawo hari daga arewa, Kabawa kuma daga yamma. Bello ya ga cewa fita yaƙi kowace rani ba za ta wadatar ba, sai ya koma ga abin da ya karanta a littattafan fiƙihu game da ribaɗi, wato zaman dirshan a bakin iyaka domin tsaron jama'a, wanda malamai suka lissafa cikin manyan ibadu. Ya yi rubutu a kan batun, ya kuma aiwatar da shi a ƙasa. Ya sa aka kewaye garuruwa da ganuwa, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu, ya zaunar da Fulani makiyaya ya ƙarfafa musu noma da karatu. An kai masu sana'a, an kuma kai bayi, waɗanda ƙarfinsu ya shiga ginin da noman.

Nan ne murabiɗin Sakkwato ya sha bamban da mayaƙin Salibiyya. Wancan ya yi alwashin ba zai yi aure ba, ba zai mallaki dukiya ba. Wannan kuwa magidanci ne mai gona, yana fita da fartanya da safe, yana zaman karatu da yamma, in an buga tambari ya ɗauki kwari da baka. Shi ya sa ribaɗan suka rikiɗe suka zama garuruwa masu kasuwa da unguwanni, ba su tsaya a barikin soja ba.

Wurno ce uwarsu. Bello ya gina ta a kan tudu, arewa maso gabas da Sakkwato, tana kallon fadamar Rima, ya fifita zama a cikinta a kan fadarsa ta birni. A can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa yake, masu ziyara na zuwa har yanzu. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya fi zama, kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853 a zamaninsa. A Kano, Sarki Ibrahim Dabo ya mai da Fanisau sansaninsa wajen fafatawa da Ɗantunku. A Adamawa kalmar ta zama sunan gari, Ribaɗu, inda Modibbo Adama ya zauna kafin ya kafa Yola a 1841; mutanen Abuja da ke jin sunan a labaran tsaro kaɗan ne suka san asalinsa.

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. Kowace shekara bayan damina mai gari kan tara jama'a aikin gayya, a cike tsagu, a ɗaga inda ya zube. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 amfanin ganuwa ya ƙare, gayyar ta mutu. Daga nan ruwan sama ya kama aikinsa, masu gini suka riƙa ɗibar ƙasar suna yin tubali, masu neman fili suka shiga. Wanda ya ga yadda badalar Kano ta koma, ga ta a tsakiyar birni a gaban kowa, zai iya ƙiyasta halin ganuwar ƙaramin gari da ke nesa da idon hukuma.

Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979 kuma hedkwatarta ke Abuja, ita doka ta ɗora wa wannan nauyi. Wurare biyu Najeriya ta samu a jerin UNESCO, Sukur a 1999 da kurmin Osun na Osogbo a 2005. Ganuwar Kano da kufan Surame suna jerin jira tun 2007. Babu ribaɗi ko ɗaya da ya kai ga matsayin Sukur, alhali aikin farko ba mai tsada ba ne: a auna abin da ya rage, a ɗauki hotuna, a naɗi bayanan dattawan da suka san inda kowace ƙofa take.

Wannan aikin ma ya yi wuya yanzu. Wurno, Rabah, Goronyo, Isa da Sabon Birni suna cikin yankunan da 'yan bindiga suka addaba, kuma ba kowane mai bincike zai yarda ya bi waɗannan hanyoyi da kyamara da igiyar awo ba. Shiyyar da Bello ya jera wa ribaɗai kusan shekara 200 da suka wuce ita ce dai mutanenta ke barin ƙauyukansu a yau suna neman mafaka a manyan garuruwa.