Kunne Kafin Baki: Yadda Za Mu Gane Nauyin Gaɓa

Ɗan'uwa ɗalibi, furta waɗannan biyu: kukan yaro da kukar miya. Farkonsu rubutu ɗaya ne, amma ko yaron goye a Zauro ba zai rikice ba, domin karin sauti ya raba su. A kukan yaro murya tana sama har ƙarshe, a kukar miya kuwa sai ta hau ta sauko.

Wasu harsunan da nauyin gaɓa suke wannan aiki, wato a danna gaɓa ɗaya ta fi sauran ƙarfi da tsawo. A Sifaniyanci, harshen su Real Madrid da muke kallo a gidajen ƙwallo na Birnin Kebbi da Argungu, PApa dankali ne, paPA kuwa uba. HAblo na nufin ina magana, haBLO kuma ya yi magana.

A shekarar 1997, Emmanuel Dupoux da abokan aikinsa sun gwada Faransawa da Sifaniyawa da ƙagaggun kalmomi waɗanda nauyin gaɓa kaɗai ya bambanta su. Faransawa suka yi ta kuskure, domin a harshensu nauyi ba ya sauya ma'anar kalma, kunnensu bai saba kula da shi ba.

Ina ruwanmu da wannan? Turanci ma haka yake: REcord suna ne, reCORD aikatau. A jarrabawar WAEC akwai takardar furuci, inda ake neman ka zaɓi gaɓar da ta ɗauki nauyi. A rubuce ake amsawa, don haka da yawanmu haddar ƙa'ida muke yi, a ranar jarrabawa kuma ta gudu ta bar mu.

Mu Hausawa muna da jari, tunda kunnenmu ya saba bin hawa da saukar murya. Sai dai mu ƙara sauraron ƙarfi da tsawo. Ku haɗu ku uku ko huɗu bayan darasi. Ɗaya ya furta kalma, sauran su buga tebur a gaɓar da ta fi ƙarfi. Ku riƙa sauya mai furtawa, ku saurari labaran Turanci a rediyo don kunne ya saba da muryoyi iri-iri, sannan ku duba ƙamus ku tabbatar. Kalma biyar a rana ta isa, da sannu akan cika tulu.